Kawu Kunne-Ɗaya da Jan Layin Dutse

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai fasa dutse ne. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki a wuri guda, inda babbar hanya ta ratsa cikin wani tudu ta bar bango biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai wucewa a mota ba ya ganin komai sai baƙin dutse, da tarin tsakuwa a bakin titi, da mutane sun yi furu-furu da ƙura. Ni kuwa kusan a gindin bangon nan na girma, domin da mahaifiyata ta rasu ina aji uku a firamare, Kawu ne ya je ya ɗauko ni da ƙullin kayana ya damƙa wa matarsa. Inna nake ce mata har yau.

Abokan aikinsa Kunne-Ɗaya suke kiransa. Tun yana saurayi, lokacin da ake fasa tudun da nakiya don a fitar da hanyar, ƙara ta kashe masa kunnen hagu. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Shi da bakinsa yake cewa duk mai son zaginsa ya tsaya ta hagu, kowa ya huta. Amma kunnen daman nan da ya rage, da shi ake taƙama a wurin. Kafin a zauna aiki a ƙarƙashin wani dutse, sai an kira Kawu ya zo da ƙaramar gudumarsa, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya karkata kai. Idan dutsen ya yi ƙara tas kamar ƙarfe, sai ya ce, "Lafiyayye ne, ku zauna." Idan kuwa sautin ya mutu a ciki, kamar an buga tulun da ya tsage, sai ya ce a matsa, kuma ba a daɗewa wannan dutsen zai ɓallo. Ban taɓa jin an ce kunnen ya yaudare shi ba.

Bangon da suke aiki a kai ba kamar sauran duwatsu ba ne. Daga sama ginshiƙai ne baƙaƙe a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya fi tsayin mutum uku, mai gefe biyar ko shida kamar wani ya zauna ya sassaƙa. A ƙarƙashinsu akwai wani jan layi, kaurinsa kamar kamu biyu, ya miƙe tun daga farkon bangon har ƙarshe. Ƙarƙashin jan layin kuma wani baƙin dutse ne mai ƙananan ramuka kamar soso. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa wa ya jera ginshiƙan nan. Ya ce, "Ni fasawa na iya. Ki je makaranta ki tambayo mana."

Wasa yake yi, ni ce na riƙe. Da na shiga jami'a ilimin duwatsu na karanta. Bara na gama, na dawo gida da takarda, aiki kuwa shiru. Sai na koma abin da nake yi tun ina yarinya, wato kai masa abincin rana. A nan suka laƙaba mini Digiri.

Wata rana suna hutawa a inuwar bangon, Kawu ya wanke hannu, ya dube ni ya ce, "To Digiri, kin tambayo?"

Da ma jira nake. Na miƙe a gaban manyan mutane shida na kama bayani. Na ce musu tun kafin a yi ɗan Adam a wurin nan ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya kwararo daga cikinta kamar dalma a wuta, ya malale kwarin da ke nan, ya daskare. Shi ne baƙin dutsen ƙasa, ramukan jikinsa kuma kumfar iska ce da ta maƙale tun yana da ruwa-ruwa.

Dogo ya katse ni. Abokin Kawu ne tun na samartaka, kuma duk wurin babu wanda ya kai shi gajarta. Ya ce, "Wuta? A nan? To ina ramin da ta fito, mu je mu leƙa?"

Na ce ya daɗe da toshewa. Na ci gaba. Bayan shekaru masu yawan da ba za su ƙirgu ba, saman wancan dutse ya rududduge ya zama ƙasa, ciyawa ta fito, toka ta zubo a kai. Sai wani narkakken dutsen ya sake zuwa, wanda ya fi na farko yawa, ya hau kan ƙasar nan ya gasa ta kamar yadda ake gasa tukunya. Shi ya sa ta yi ja. Na biyun nan mai zurfi ne, a hankali ya huce, yana hucewa yana tsukewa. Na ce su tuna da laka idan kududdufi ya ƙafe, yadda take tsattsagewa gida-gida. Haka shi ma ya yi, sai dai tsagarsa ta yi ta bin sanyi tana shiga ciki, daga sama da kuma daga ƙasa, har ta raba shi ginshiƙi-ginshiƙi.

Dogo ya ce, "Ashe mu a bakin murhu muke cin abinci."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya juyo mini da kunnen dama ya ce, "Tsaya. Kenan ba a manne suke da juna ba?"

"A'a, Kawu. Jingine kawai suke. Tsagar ta sauka har gindi."

"Har gindi. To me yake riƙe da su?"

"Jan layin nan. A kansa suke tsaye."

Ya zuba wa layin ido. Ni a zatona burge shi na yi. Na koma gida ranar kaina ya kumbura, har na ba Inna labari.

Ya kamata in faɗi yadda suke cire dutse a da, don kada a ɗauka haɗama ce ta ja shi. Tsofaffin tayoyi suke tarawa a gindin ginshiƙi su cinna wuta, hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya ratsa dutsen, sannan a bi shi da babbar guduma kwana uku ko huɗu kafin ya saki. Hayaƙin ya bar wa Kawu tari. Kafaɗarsa ta dama kuma ta fara ƙin ɗaga babbar gudumar, sai Inna ta gasa masa da ruwan zafi kafin ya iya sa riga. Bai taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

Na yi mako guda ban je ba, ina yawon kai takardun neman aiki. Ranar da na koma, tun daga nesa na ji ana ihu: "Ga ta nan! Digiri ta yi rana!"

Na ƙaraso na ga abin da suka yi. Sun ƙwaƙule jan layin. Da diga da shebur suka cire shi daga ƙarƙashin ginshiƙan gaba, domin da laushi, ba kamar baƙin ba. Idan sun yi rami, sai su tokare ginshiƙin da guntun icce, su ɗaura igiya, su ja da baya su fizge. Ginshiƙin ya sulmiyo da kansa ya faɗi, ya karye gida huɗu ko biyar. Babu taya, babu hayaƙi. Aikin kwana huɗu ya koma na safiya ɗaya. Kuma don a kai ga na baya, sai mutum ya kwanta ya shiga ramin yana haƙa, ginshiƙai a saman kansa.

Na ce, "Kawu, wa ya ce ku yi haka?"

"Ke mana."

"Ni ban ce a haƙa ba!"

"Kin ce a kansa suke tsaye. Sauran mu muka ƙarasa. Kada ki damu, kowace safiya sai na gwada na sama kafin kowa ya shiga." Ya ɗauko ƙaramar gudumar, ya buga ginshiƙin da ke bisa ramin. Ya yi ƙara tas. "Kin ji? Lafiyayye."

A nan na gane inda matsalar take, kuma bakina ya kasa fitar da ita yadda za ta shiga. Na ce masa ko ranar da ginshiƙin zai faɗo, haka zai yi ƙara. Kowane ginshiƙi lafiyayye ne a karan kansa, ba shi ne zai tsage ba. Abin da yake tsaye a kai ne zai gudu daga ƙarƙashinsa, shi kuma jan layin ba ya ƙara, yumɓu ne. Idan ruwa ya bi tsagogin nan ya sauka, a kansa zai taru, ya mai da shi santsi kamar sabulu.

Ya ce, "Digiri, shekarunki nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"To tun ba a yaye ki ba kunnen nan yake aiki."

Damina ta faɗi a makon. Bayan ruwa na biyu na zagaya ta bayan tudun na hau sama. Taku biyar daga bakin bangon na tarar da tsaga a ƙasa, doguwa, tana bin bakin, yatsu biyu suna shiga. Na kafa tsinke biyu, ɗaya a kowane gefe, na auna tsakaninsu da zare na ƙulla. Washegari zaren bai kai ba. Ranar ta uku tafin hannuna ya shige tsagar gaba ɗaya.

Na sauko da gudu na nuna masa zaren. Ya karɓa, ya jujjuya, ya miƙa wa Dogo. Dogo ya ce, "Shekara huɗu a jami'a, da zare aka sallame ku?"

Na ce su zo su gani da idonsu. Kawu ya ce shi ba shi da lokacin hawa. Mutum biyu suka bi ni, suka leƙa, suka ce ƙasa ai kullum tana tsagewa da damina. Ɗaya daga cikinsu dai daga ranar bai sake shiga ramin ba, ya koma farfasa tsakuwa a bakin titi, ana ta yi masa ba'a.

Babu ƙofar da ban buga ba. Na faɗa wa Inna, ta yi masa magana da safe yana ɗaure takalmi, ya juya mata kunnen hagu. Ta zagayo ta dama, ya ce, "Ke ma kin yi digirin ne?" Na je ofishin masu kula da hanya, na zauna a benci tun safe har azahar, wani ma'aikaci ya ce in rubuto a takarda, mai dubawa ya yi tafiya. Na rubuta a tsaye na ba shi. Na dawo gida na ɓoye digar Kawu a ƙarƙashin gadona. Ya neme ta, bai tambayi kowa ba, ya tafi ya ari ta Dogo. Da ya dawo da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Idan kin gama kwana da ita ki goge mata tsatsa."

Na fito na durƙusa a gabansa. Ban taɓa yi masa kuka ba tun ranar da ya ɗauko ni. Na ce, "Kawu, don Allah, mako biyu kawai. Ku koma ɗaya bangon har ruwa ya tsagaita. Ni na jawo wannan abu, kada ka bar ni da shi."

Ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, don kada Inna ta ji, "Ɗaya bangon sai babbar guduma. Hannun nan ba zai ƙara ɗaga ta ba. Idan na bar ramin nan, na bar dutse kenan. In zauna a gida in yi me?" Ya dafa kaina. "Guda uku suka rage a layin gaba. In na sauke su, zan huta miki."

Ranar Laraba aka wayi gari an sha ruwa, rana ta fito tas. Na bi shi a baya ko karyawa ban yi ba. Muna isa na ga ruwa yana tsattsafowa daga jan layin, ja-ja, yana gangarawa kwalbati. Na nuna masa. Ya buga ginshiƙan uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa tas. Ya tuɓe riga, ya ɗauki diga, ya shiga.

Ramin ba shi da tsayi, dole mutum ya kwanta a gefe. Shi kuma saboda kafaɗar, a kan damansa yake kwanciya ya yi haƙa da hagu. Wato kunnen da yake ji da shi yana danne a ƙasa, mataccen yana sama. Sai da ya shige na lura da haka.

Bai fi rabin sa'a ba tsakuwa ta fara zubowa daga sama, ɗaya-ɗaya, sannan da yawa. Na ɗaga kai na ga sararin sama ta tsakanin ginshiƙai biyu, inda ɗazu babu. Na ƙwalla ihu, "Kawu! Fito!" Sauran suka watsar da kayan aiki suka yi titi. Shi yana ta haƙa, ina ganin tafin ƙafarsa. Na zabura zan shiga in jawo shi, Dogo ya cafke ni ta baya, muka faɗi tare. Da hannu ɗaya ya riƙe ni, da ɗayan ya ɗauki dutse ya jefi ƙafar Kawu. Jifan ne ya sa ya waiwayo. Na ga fuskarsa, na ga ya fara jan jiki da baya, ya juyo, kansa da ƙirjinsa sun fito.

Ba uku ne suka faɗo ba. Layin gaba da na bayansa ne suka taho tare.

Da ƙura ta lafa babu rami, babu Kawu, sai tarin baƙaƙen guntaye a kan juna har rabin titi. Motoci suka tsaya. Ban san ina ihu ba sai da wata mata daga cikin fasinjoji ta rufe mini baki ta ce in yi shiru a saurara. Aka yi tsit. Can ƙasa muka ji tari. Tarin nan da na tsana shekara da shekaru.

Guntaye biyu manya ne suka faɗi a giciye suka bar ɗan sarari, yana ciki. Na kwanta na leƙa, na hango gashin kansa fari fat da ƙura.

"Kawu!"

"Waye? Digiri?" Muryar ƙasa-ƙasa. "Ƙafata ce. Ba na jin ta."

Wani direban tifa ya kawo sarƙa, ya ce a ɗaura wa na sama ya ja da mota. Har sun fara ɗaurawa. Na dubi yadda suke kwance na ga na saman ne ya danne na biyun ya hana shi mirginawa, idan aka ja shi, ɗayan a kan ƙirjin Kawu zai sauka. Na ce kada a ja. Direban ya ce a janye yarinyar nan daga wurin. Dogo ya tsaya a gabansa, kansa bai kai kafaɗar mutumin ba, ya ce, "Kwance sarƙarka." Sannan ya juyo gare ni, idanunsa jawur. "Faɗi, Digiri. Me za a yi?"

Duk suka zuba mini ido. Makonni ina roƙon a saurare ni, yau an saurara, ni kuma ban sani ba. Babu littafin da ya koya mini yadda ake ɗaga dutse daga kan mutum. Na ce a fara kwashe ƙananan da hannu, daga sama, kada a taɓa duk wanda wani ya jingina da shi. A kawo jak, ƙarfen ɗaga mota, daga kowace babbar mota, da katako ko icce duk abin da aka samu. A ɗaga kaɗan, a cusa icce, a sake ɗagawa.

Haka muka yi tun hantsi har bayan azahar. Sau biyu yumɓun ya zame a ƙarƙashin jak ɗin, dutsen ya dawo, Kawu ya yi wani irin nishi da har yanzu nake ji. Dogo yana kwance a bakin sararin yana yi masa surutu don kada ya suma.

"Kunne-Ɗaya, kada ka kuskura ka mutu da digata a hannunka."

"Tsohuwar digar? Ƙotarta ma a karkace take."

Daga baya ya daina amsawa. Na ce a ƙara jak ɗaya ta gefen titi, ban tabbata daidai ba ne, na dai faɗa. Dutsen ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Mutum uku suka kama shi ta hammata suka jawo. Yana numfashi. Ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ban iya kallonta sau biyu ba.

A asibiti likita ya fito da takarda ya ce sai an yanke, kuma yanzu, a samu wanda zai sa hannu. Inna ta karɓi biro, ya faɗi daga hannunta. Ta dube ni. Ni na sa hannu.

Yau wata biyu kenan. An killace wurin da jan ƙyalle, mutanen sun koma ɗaya bangon da tayoyinsu. Ni ban sake bin hanyar ba. An kira ni gwajin aiki a wani kamfanin haƙar rijiyoyi, na je har ƙofa na juyo. Kawu yana gida, ya rame, yana yini a kan tabarma a tsakar gida, sandunan da asibiti suka ba shi a jingine da bango. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa, shi da ba ya barin kowa ya huta da tsokana.

Shekaranjiya Inna ta fita, na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, ka yafe mini. Da ban buɗe bakina ranar nan ba, da kana da ƙafarka."

Sai ya ce, "Ke kika riƙe digar kika haƙa?"

"A'a."

"To miƙo mini sandunan can."

Na miƙa masa. Ya yunƙura, kafaɗar ta ƙi, ya koma zaune. Na kai hannu, ya ce, "Kada ki taɓa ni." Ya sake yunƙurawa ya faɗi a kan gwiwar hannu, ya zauna yana haki, gumi yana bin wuyansa. A na uku ya miƙe. Ya tsaya yana tangaɗi, sannan ya jefa sandunan gaba ya bi su, taku ɗaya, ya huta, wani takun. Ƙofar gida ya nufa. Na bi bayansa hannuwana a buɗe, ban taɓa shi ba, ina ta addu'a a zuci kada Inna ta dawo yanzu ta yi salati ya firgita.